Ƙwayoyin da ke cin mai, da rijiyar gidanki

 Kullum a filin nan kashedi nake miki kan bakteriya: wanke hannu, tafasa ruwa, rufe abinci. Yau kuwa yabonsu zan yi, domin akwai waɗanda man fetur ne abincinsu.

Wasu ƙananan kamfanoni masu tasowa sun mayar da kiwonsu sana'a. Idan masana'anta ko matatar mai ta fitar da ruwan da ya gauraya da mai, sai a fara yaɗe wanda ya taso sama, sauran a tura shi manyan tankunan da ƙwayoyin suke. A hura musu iska, a zuba musu sinadaran taki, su kuma su cinye man, su mayar da shi ruwa da irin iskar da muke fitarwa wajen numfashi. Dabarar ta daɗe. A 1989, da jirgin Exxon Valdez ya malalar da mai a gaɓar Alaska ta Amurka, taki aka watsa a bakin teku don ƙwayoyin su ƙara yawa.

Ina ruwanki da wannan? A 2011 rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni ya gano sinadarin benzin a rijiyoyin Ogale, ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900. Benzin na jawo sankarar jini, kuma ruwan da yara ke sha ke nan.

Aikin kamfanonin ya burge ni, amma ƙwayoyin ba sa cin dalma da sauran ƙarafa masu guba. Ruwan da suka gyara na komawa aikin masana'anta ne, ba randa ba.

Idan rijiyarku na kusa da gidan mai ko garejin makanikai, kika ji warin fetur ko kika ga maiƙo mai launi-launi a saman guga, kada a sha, kada ki dama wa jariri komai da shi. Tafasawa ba magani ba ce a nan, tururin ma ke za ki shaƙa a kicin. Ki sanar da duba-gari. Shi kuma maigida, idan ya juye baƙin man janareta, lallaɓa shi ya zuba a jarka ya mayar wa makanike. Masu zuba shi a shadda wai don kashe wari, ƙasa ce ke shanye shi, rijiya kuma tana nan kusa.