Kan Masu Fidda Matatar Hayaƙi Daga Baburan Doguwar Tafiya

A sani akwai wani irin babur da Turawa da mutanen Jafan suke ƙerawa domin doguwar tafiya, wanda ba ya zaɓen hanya. Kwalta, burji, rairayi, tsakuwa, duk ɗaya ne gare shi. Dogo ne, tankinsa babba, da yawa cikinsu nauyinsu ya wuce kilo 200, kuɗin guda ɗaya kuwa ya isa sayen mota. Masu hali na Turai da Amurka su suka fi sayensa, su ɗaura masa akwatuna, su yi ta ƙetare ƙasashe don buɗe ido.

Asalin ɗaukakarsa daga Sahara yake. A ƙarshen Disamba 1978 wani Bafaranshe, Thierry Sabine, ya shirya tseren motoci da babura daga Faris zuwa Dakar, suka bi ta Aljeriya, suka faɗo Agadas, suka wuce Yamai. Wanda ya zo na ɗaya cikin masu babur, Cyril Neveu, bisa Yamaha yake. Masu ƙira suka ga kasuwa: BMW ya fitar da nasa a 1980, Yamaha ya fitar da Ténéré a 1983, Honda ya biyo da Africa Twin a 1988. Sunan nan Tenere ba wani abu ba ne illa hamadar Nijar wadda ayarin gishiri yake ratsawa zuwa Bilma. Tseren ya bar Afirka tuni, ya koma Amurka ta Kudu a 2009, sa'an nan Saudiyya a 2020, amma sunan da baburan suna nan.

To, abin da ya kawo maganar shi ne wata al'ada da ta yaɗu tsakanin masu hawansu. Mutum ya sayo babur sabo dal, bai ko gama sabawa da shi ba, sai ya kwance masa kayan da aka sa domin rage gubar hayaƙi, ya jefa su cikin kwali. Har akwai masu sana'ar ƙera bututun da za a maye gurbin na asali da shi, suna rubutawa a jiki wai na filin tsere ne kaɗai, alhali su da mai sayen duk sun san a kan hanyar jama'a za a hau.

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a san aikin kayan nan. Babbansu ita ce matatar hayaƙi, wadda take cikin bututu tsakanin injin da salansa. Cikinta kamar saƙar zuma yake, ƙananan ramuka jere da juna, saboda haka kanikawan Nijeriya suke ce mata indomi. An shafe ramukan da ɗan ƙarfe mai tsada iri uku, filatinam da faladiyam da rodiyam. Ko da yake ana ce mata matata, ba tacewa take yi irin ta rariya ba. In ta ɗauki zafi, hayaƙin da ya shafi ƙarfen nan sai ya canza halinsa, mafi yawan gubar ta koma tururin ruwa da iskar da ba ta kashe mutum nan take. Guba uku take yaƙa. Ta farko kabon monoksaid, iska marar launi marar wari, wadda jini yake kamawa fiye da iskar numfashi ninki ɗari biyu da wani abu. Ita ce take kashe wanda ya kwana da janareta ko kaskon garwashi cikin ɗaki a rufe. Ta biyu ragowar man da bai ƙone ba. Ta uku wata iska da zafin injin yake haifarwa, mai ƙona maƙogwaro, mai tayar da asma.

Matatar ba ta aiki sosai sai mai da iska sun shiga injin bisa gwargwado, wajen kashi 15 na iska ga kashi ɗaya na mai in an auna da nauyi. Don haka aka sa mata ma'auni a bututu, wanda yake shaida wa ƙwaƙwalwar injin ta ƙara mai ko ta rage. Akwai kuma ɗan bututu mai hura iska cikin hayaƙi don ragowar mai ya ƙarasa ƙonewa. Na ƙarshe gwangwanin gawayi ne: turirin fetur da yake tashi daga tanki in rana ta buge shi, gawayin ya riƙe shi, in an tada injin ya zuƙe ya ƙone.

Amfaninsu ya bayyana a lissafi. A 1999 dokar Tarayyar Turai ta yarda babur ya fitar da giram 13 na kabon monoksaid a kowace kilomita. A 2006 aka mayar da shi giram 2, a 2020 giram 1. Injin bai daina ƙona fetur ba. Kayan nan ne suka yi mafi yawan aikin. Wanda ya cire su ya ja baburinsa baya da shekaru masu yawa, yana kuwa ganin gyara ya yi.

Masu cirewa suna da hujjoji, adalci ne a ji su. Wadda ta fi ƙarfi ita ce ta man darma. Da can ana zuba darma cikin fetur, darma kuwa tana liƙe ramukan matata ta kashe ta har abada. Matafiyin da ya nufo Afirka shekaru talatin da suka wuce yana da gaskiya in ya ce matatar ba za ta kai shi ko'ina ba. Amma ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun bar fetur mai darma tun farkon 2006, Aljeriya kuma, wadda ita ce ta ƙarshe a duniya, ta daina sayar da shi a 2021. Hujjar ta mutu, amma har yanzu ana ta gadonta daga baki zuwa baki, kamar mai riƙe da takardar bashin da aka riga aka biya. Gaskiya ne an daɗe ana kawo wa Afirka ta Yamma mai da farar wuta ta yi wa yawa, farar wuta kuwa tana rage kaifin matata. Sai dai ragewa take yi, in an koma ga mai mai kyau matatar takan farfaɗo. Wuƙar da ta dakushe wasa ta ake yi.

Suna cewa nauyi. Abin da ake ragewa bai wuce 'yan kilo kaɗan ba, a jikin babur mai kilo 200, wanda kuma aka labta wa akwatuna uku da tanti da tukwane. Suna cewa ƙarfi. Ƙarin da ake samu ɗan kaɗan ne, a can ƙololuwar gudu, inda mai bin rairayi ba ya zuwa. Sau da yawa ma in an buɗe bututun sai gwargwadon mai da iska ya rikice, injin ya riƙa tari, tilas a sake biyan wani ya canza lissafin ƙwaƙwalwar don ta ƙara mai. Ga shan mai ya ƙaru, ga guba ta ƙaru. Suna cewa zafi yana gasa musu ƙafa cikin cunkoso, wannan kam gaskiya ne, matata tana da zafi; amma akwai faranti na kare zafi, akwai takalmi. Gwangwanin gawayi kuwa, abin mamaki, ba ya rage wa injin ƙarfi ko ƙwayar zarra. Laifinsa ɗaya: in an cika tanki har baki, ko babur ya faɗi ya daɗe kwance, fetur yakan malala cikinsa, injin ya yi ta mutuwa. Maganin wannan a daina cika tanki maƙil. Wanda ya cire shi ya saki turirin fetur, cikinsa kuwa akwai benzin, wanda likitoci suka tabbatar yana jawo sankarar jini.

In an tankaɗe hujjojin nan duka, abin da ya rage cikin rariya shi ne ƙara. Mutumin yana son a ji shi. Wannan son a sani ne, ya kuwa jawo musu abin da ba su so. A 2020 hukumar lardin Tirol a ƙasar Ostiriya ta hana babura masu ƙara fiye da ma'auni 95 bin waɗansu hanyoyin duwatsu a lokacin zafi, domin mutanen ƙauyukan sun gaji, hanin ya haɗa har da waɗanda ba su taɓa bututunsu ba. A Jamus, wanda ya ɓata hayaƙin abin hawansa izinin hawansa a hanya ya ɓaci. A Amurka dokar tsabtar iska ta haramta cirewa, ta haramta sayar da kayan cirewa. A watan Agusta 2016 kamfanin Harley-Davidson ya yarda ya biya Gwamnati tarar dala miliyan 12 saboda na'urori wajen 340,000 da ya sayar masu canza lissafin injin. Baburansa na kwalta ne a lokacin, amma dokar ɗaya ce ga kowane babur.

Hausawa sun ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Nan abin ya saɓa. Bututun babur baya yake kallo, mai shi yana gaba yana shan iska mai daɗi, wanda yake shaƙa na bayansa ne: mai tallan ƙosai a bakin hanya, yaro mai jiran tsallakawa, almajiran da suke zaune da allunansu a gindin katanga, tsoho mai tari. Su ba su sayi baburin ba, ba a shawarce su ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta gurɓatacciyar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 a 2019. Mai babur ɗaya zai ce nasa ɗigo ne cikin kogi, ga manyan motoci can suna tuƙa baƙin hayaƙi, ga ƙananan babura dubbai. Ai kowa haka yake faɗi. Bambancinsa da ɗan acaɓa kuwa, shi ɗan acaɓa bai samu matata ya yar ba, wannan kuwa an ba shi, ya biya kuɗinta, sa'an nan ya sake biyan wani kuɗi don a cire.

Malamai ba baƙin wannan mas'ala ba ne. Malaman Malikiyya sun daɗe da yin hukunci kan wanda ya kafa tanderu ko gidan wanka kusa da maƙwabta hayaƙinsa ya dame su, suka ce ana hana shi in cutar sabuwa ce, ko da cikin mulkinsa ya gina. Ibnu Rami, wani magini na birnin Tunis a ƙarni na 8 na Hijira, ya tara irin waɗannan hukunce-hukunce cikin littafinsa na dokokin gini. Tanderu ma wuri ɗaya yake zaune, maƙwabcin ya san ƙofar da zai kai ƙara. Shi babur tanderu ne mai ƙafa, ya cuci unguwa goma kafin azahar, ba wanda ya san sunan mai shi. Cewa "abina ne, in yi yadda na ga dama" tana da iyaka, iyakarta kuwa hancin wani.

Saura 'yan kasuwa, don su abin ya fi shafa kai tsaye. Abin hawa in ya tsufa a Turai, jirgin ruwa yake shiga, ya sauka Kwatano ko Ikko ko Lome, daga nan ya hauro arewa. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da labari a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Jafan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 80 cikin ɗari zuwa ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali. A shekarar nan kuma masu bincike na Gwamnatin Holan, da suka duba motocin da ke jiran jirgi zuwa Afirka, sun tarar waɗansu an yanke musu matata. Dalili a fili yake: a watan Maris 2021 farashin rodiyam ya doshi dala 30,000 kowace oza, ya ninka zinariya fiye da sau goma. Farashin ya sauko daga baya, amma ɓarayi da masu sayen tsohon ƙarfe sun riga sun koyi hanya. Wancan binciken kan motoci aka yi, amma manyan baburan nan ta tashoshin nan guda suke shigowa, 'ya'yan masu hali na Abuja da Kano da Yamai suna saye. Ƙasashen ECOWAS sun amince tun 2020 da ƙa'idar hayaƙi ga motocin da ake shigowa da su. Amincewa a takarda daban, dubawa a bakin tasha daban.

Don haka dillalin da aka kawo wa irin wannan babur, matatarsa ba ta nan, kaya mai aibi ne a hannunsa, an kuma cire masa wani yanki mai tsada. Duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ya san ɓoye aibi bai halatta ba, mai saye kuma yana da ikon mayarwa in ya gano. Ya faɗa, ya rage kuɗi. Bakaniken da aka kawo wa gyaran birki, ya zare indomi ya sayar, ya mayar da bututu fanko, ba ya bukatar fatawa don ya san sunan abin da ya yi.

Ganewa ba ta da wuya ga mai lura. A duba bututu daga bakin injin zuwa salansa: inda ya kamata a ga kumburi, in an ga ya miƙe sumul, ko an ga sawun sabuwar walda, an taɓa shi. A duba ko akwai waya a yanke, ko ramin ma'auni da aka toshe da ƙusa, ko ƙananan tiyo a gefen tanki da aka ɗaure bakinsu. A murɗa makulli a ga fitilar injin ta kama sa'an nan ta mutu bayan an tada. Wadda ba ta kamawa sam, wataƙila an kashe ta da gangan. In injin ya yi zafi hayaƙin yana warin ɗanyen fetur yana sa ido hawaye, alama ce. A kuma tambayi mai sayarwa bututun asali, domin da yawa cikin Turawan nan ajiye shi suke yi saboda ranar binciken hukuma, in yana nan a haɗa shi cikin ciniki kafin a yi sallama.