Wutar Karkara: Ina Ƙananan Hukumomi Suka Shiga?

Jama'ar jihohin Arewa ba za su manta da ƙarshen watan Oktoba na 2024 ba. Lallai kam sun ji a jikinsu. A ran 21 ga watan ne babban layin da ya taso daga Ugwuaji ta Jihar Enugu zuwa Apir ta Jihar Binuwai ya samu matsala, ga shi kuwa tun kafin nan ɓarayi da 'yan ta'adda sun lalata layin Shiroro zuwa Kaduna. Sai da aka yi fiye da mako guda yawancin Arewa tana cikin duhu. Masu niƙa da masu walda da masu sayar da ƙanƙara suka zauna hannu rabbana, asibitoci kuma suka koma kan janareta a daidai lokacin da man fetur ya yi tsada, tun bayan janye tallafinsa a ran 29 ga watan Mayu na 2023.

Wannan duhu ya sake tayar da maganar da aka daɗe ana yi, cewa kowane yanki ya nemi wutarsa daga abin da Allah ya hore masa, ko hasken rana, ko iska, ko kashin dabbobi da ɓuntun shinkafa da sharar kasuwa. Dokoki kuwa sun riga sun buɗe ƙofa. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran Tsarin Mulki wanda ya ba jihohi ikon samar da lantarki da rarraba shi ko da a wuraren da babban layin ƙasa ya kai. A watan Yuni na shekarar Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar Dokar Lantarki, kuma a cikin 2024 jihohin Enugu da Ondo da Ekiti suka zama na farko da suka karɓi ikon kula da harkar a ƙasarsu. Kuɗi ma sun samu, domin a watan Disamba na 2023 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 750 don a kai wutar hasken rana ga mutum miliyan 17 da rabi, ta hannun Hukumar Samar da Lantarki a Karkara.

To amma a cikin duk wannan shiri akwai wadda ba a cika jin sunanta ba, ita ce ƙaramar hukuma. Akwai su 774 a ƙasar nan, Jihar Kano kaɗai tana da 44, kuma su ne gwamnatin da ta fi kusa da ƙauyen da ake son haskakawa.

Abin da ya faru a Lambar Rimi ta Jihar Katsina ya isa darasi a kan aikin da ake saukowa da shi daga sama. Marigayi Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa ne ya faro tashar lantarki mai aiki da iska a can a 2005 yana Gwamna, daga baya Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta. An tsara manyan fankoki 37 da za su ba da megawat 10, aka ba kamfanin Vergnet na Faransa kwangila. A watan Disamba na 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan kamfanin, Francis Collomp, bai kuɓuta ba sai a Nuwamba na 2013. Aikin ya yi fiye da shekara goma yana tangal-tangal, mutanen Rimi suna kallon fankoki a gonakinsu, ba su da ta cewa a kan lokacin da za su juya, domin masu yanke shawara suna Abuja.

A ɗaya gefen kuma akwai ƙananan tashoshin hasken rana na gari guda. A ƙarshen 2019 aka buɗe ta Rokota a Ƙaramar Hukumar Edati ta Jihar Neja, wadda kamfanin PowerGen ya gina. A 2021 kamfanin Husk Power ya buɗe guda shida a Jihar Nasarawa, a yankunan Doma da Lafiya. Ƙa'idar da Hukumar Kula da Lantarki ta Ƙasa ta kafa tun 2016 ta tanadi yarjejeniya tsakanin kamfani da mutanen gari, a daidaita kan fili da kuɗin wuta. Kowane gida da mitarsa, mutum ya saya gwargwadon aljihunsa. Gaskiya ne kuɗin ya fi na babban layi tsada, amma mai injin niƙa da ya saba sayen man dizal ya san inda sauƙi yake. Abin lura shi ne kamfanin ba ya cin riba sai wuta tana ci, saboda haka in batir ya mutu ba sai an rubuta wa Abuja takarda ba.

Duk da haka waɗannan tashoshi suna da rauni guda. Garin da ba ya amfani da wuta sai don kwan fitila da cajin waya ba zai iya riƙe tasha ba. Sai an samu masu niƙa da masu casar shinkafa da masu ban ruwa da teloli, waɗanda za su sha wutar da rana tsaka lokacin da ta fi yawa. A nan ne ƙaramar hukuma take da abin yi, don asibitin sha-ka-tafi da makarantar firamare da rijiyar burtsatse da rumfunan kasuwa duk a ƙarƙashin kulawarta suke. In ta zama mai saye na dindindin, tana biya a kan kari, ta rage wa talakan gari nauyi.

Maganar makamashin da ake samu daga tsirrai da dabbobi kuwa ta fi shafar ƙananan hukumomi kai tsaye. Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora musu kula da mayanka da kasuwanni da tashoshin mota da bandakunan jama'a da kwashe shara. Wato dai kayan aikin gaba ɗaya a hannunsu suke. Kashin shanu da dattin tumbi in aka zuba su a rufaffen rami suka ruɓa, suna fitar da gas wanda fiye da rabinsa mai kamawa da wuta ne, ana girki da shi, ana kuma tayar da janareta, abin da ya rage a ramin kuma taki ne mai kyau. Wanda ya san kasuwannin shanu na Potiskum da Maigatari da Wudil da Illela, ko kwatar birnin Kano, ya san yawan abin da ake bari ruwa yana kwashewa zuwa lambatu. Haka nan ɓuntu, wanda ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shinkafar da ba a casa ba, yana nan tsibi-tsibi a bayan injinan Kura da Haɗeja da Argungu. Shi kansa kamfanin Husk da ɓuntun shinkafa ya fara ba ƙauyuka wuta a Jihar Bihar ta Indiya.

Ilmin wannan aiki ba baƙo ba ne a Arewa. Tun farkon shekarun 1980 aka kafa Cibiyar Binciken Makamashi a Jami'ar Sakkwato, wadda ta zama Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma ta daɗe tana gwajin ramukan gas da murhu mai tsimin itace da injinan hasken rana a ƙauyuka. A 2007 ma Gwamnatin Tarayya ta fito da manufar haɗa man fetur da sinadarin da ake tatsa daga rake da rogo, kashi goma cikin ɗari, amma maganar ba ta yi nisa ba. Matsalar ramin gas ita ce yana son a ciyar da shi kullum kamar dabba, a zuba kashi da ruwa, a duba bututu. In ba a ɗora wa Sarkin Fawa da ƙungiyar mahauta alhakinsa ba, su ma su ga amfaninsa a tukunyarsu da aljihunsu, ranar da baƙi suka gama yanke ƙyalle suka tafi, ranar ramin zai fara mutuwa.

Shugabannin ƙananan hukumomi sun daɗe suna kukan cewa gwamnoni sun riƙe musu kuɗi a asusun haɗin gwiwa. A ran 11 ga watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Babban Lauyan Gwamnatin Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar, ta ce a riƙa biyansu kasonsu kai tsaye, kuma ta haramta kantomomin riƙo. Kason nasu kashi 20.6 ne cikin ɗari na Asusun Tarayya. An yi ta jan ƙafa wajen aiwatar da hukuncin, kuma ko kuɗin sun iso, akwai fargabar su ƙare a fitilun kan titi masu aiki da hasken rana, irin waɗanda ake kafawa gab da zaɓe, batir ya mutu ko a sace shi, a bar sanduna tsaye ba mai tambaya.

Dattawan Kano suna iya tunawa cewa En'e ce ta kawo wa birnin ruwan famfo da lantarki daga Challawa a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da kuɗin Baitulmali, tun kafin a kafa hukumar lantarki ta ƙasa a 1950, balle NEPA da ta zo a 1972. Ba a ce ƙaramar hukumar yau ta gina tasha da kanta ba, don ba ta da injiniyoyin. Abin da ake nema gare ta shi ne ta ba da fili ba tare da rigima ba, ta zauna a yarjejeniyar gari da kamfani tare da Hakimi da Dagaci don kada a cuci talaka a kan farashi, ta biya kuɗin wutar asibiti da makaranta, ta kuma buɗe mayanka da juji ga masu son sarrafa su, bisa sharaɗin a koya wa samarin gari gyara. Su kuma jihohin Arewa da ke rubuta dokokinsu na lantarki, ya kamata su rubuta wannan matsayi a cikin doka tun yanzu. Hausawa dai sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.