Ƙararrawa Ga Mai Gudu, Shiru Ga Mai Suma

A watan Agustan 2025 fursunoni 16 suka tsere daga gidan yari a nan Keffi. Kafin rana ta faɗi labari ya game ƙasa, jami'an tsaro sun bazu cikin gari da daji. Ba mu ga laifin wannan hanzari ba. Tambayarmu ita ce: in fursuna ya yanke jiki ya faɗi da ƙarfe biyun dare, wace ƙararrawa ake kaɗawa dominsa?

Mai asma ko farfaɗiya, ko wanda sukarin jininsa ya faɗi, ba ya jiran wayewar gari. Ƙwaƙwalwar da ta rasa iska takan fara lalacewa cikin 'yan mintoci. Shi kuwa ɗaurarre, tsakaninsa da likita akwai ƙofa kulle, da gandiroba mai neman izinin na gaba da shi, da mota mai bukatar mai, da 'yan rakiya. Asibitin Tarayya yana cikin garin nan, amma kusancinsa bai amfani wanda makulli ya tsare ba.

Wasu za su ce ai masu laifi ne. To, kusan biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Nijeriya jiran shari'a suke yi, sashe na 36 na tsarin mulki kuwa ya ɗauke su marasa laifi. Ko wanda aka yanke wa shekara biyar, alƙali bai haɗa masa da mutuwa ba. Wasu kuma za su ce ajali ne. Haƙiƙa ajali gaskiya ne, sai dai bai taɓa wanke mai sakaci ba.

Mun ga yadda Shehu Musa 'Yar'aduwa ya rasu yana ɗaure a Abakaliki a 1997, Abiola ya bi shi a 1998. Waɗannan manya ne, shi ya sa muka riƙe sunayensu. A ranar 1 ga Nuwamban 2024 yaran da aka tsare kan zanga-zanga suka zube a gaban kotun tarayya a Abuja, duniya na kallo. Da a bayan katanga suka zube fa?

Dokar 2019 ta sauya suna zuwa gidan gyaran hali, sai ka ce suna ne ke ciwo. Ƙa'idojin Mandela na Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2015, sun wajabta gaggauta kai ɗaurarre ga likita in hali ya tsananta. Saboda haka muna neman a ajiye ma'aikacin jinya kowane dare, da mota mai mai a bakin ƙofa. A koya wa gandirobobi taimakon farko, a ba na kan aiki ikon buɗe ƙofa ba sai ya tashi wani daga barci ba. In kuwa rai ya fita, a rubuta lokacin da aka fara buga ƙofa da lokacin da aka buɗe ta, a miƙa wa alƙali da iyalan mamaci.