DAGA BAKIN ALLO: Jirgin Kwano Mai Inji Ɗaya

A wannan wata za mu leƙa tarihin wani tsohon jirgin sama. Abin da ya jawo haka kuwa wata magana ce da ake yawan yi a zaure da tashar mota, wai duk wanda ya shiga jirgi mai inji ɗaya ya sayar da ransa da araha, domin da zarar injin ya mutu sai ƙasa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. To amma bari mu auna ta da jirgin da ya cancanci a kira shi kakan jiragen fasinja, wato Junkers F 13.

A garin Dessau na ƙasar Jamus aka ƙera shi, a masana'antar Farfesa Hugo Junkers, ya kuma fara tashi ran 25 ga Yuni, 1919. A wancan zamani da katako da yadi da waya ake harhaɗa jirgi. Shi kuwa wannan ƙarfe ne tun daga hanci har wutsiya, wani gaurayen alminiyam marar nauyi da aka yi wa kunya-kunya kamar kwanon rufin ɗaki. Fasinja huɗu yake ɗauka a cikin rufaffen ɗaki mai tagogi, kujerunsu da bel na ɗaure jiki, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Matuƙa biyu suna gaba, iska tana dukansu. Fikafikansa a ƙasan jiki suke, saboda haka in an yi mugun sauka su ke fara shan dukan kafin ya kai ga fasinja. Kafin a daina ƙera shi a 1932 an yi guda 322.

Duk wanda ya ga wannan jirgi sai ya ce ai babu abin da zai same shi. Haka hukumar gidan waya ta Amurka ta zata a 1920, ta sayi guda takwas domin jigilar wasiƙu, a ƙarƙashin sunan JL-6. Ran 1 ga Satumba na shekarar, ɗaya ya kama da wuta a sama kusa da garin Morristown, ya hallaka Max Miller, ɗaya daga cikin gwanayen matuƙan hukumar, tare da bakanikensa. Bayan mako biyu wani ya ƙone a jihar Ohio da mutum biyu. A Fabrairun 1921 na uku ya faɗi a garin La Crosse da mutum uku. Rayuka bakwai ke nan cikin wata shida, sai hukumar ta jingine sauran jiragen.

Da aka bi diddigi, ashe ba fiffike ba ne, ba kuma gangar jiki ba. Hanyar mai ce. Jijjigar inji tana sa bututun mai ya yi yoyo, mai ya taru a ƙarƙashin inji, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Dubi girman jirgi, dubi ƙanƙantar bututu! Hausawa dai sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Mu ma nan halinmu ke nan a tasha: mu zaɓi motar da ta sha fenti da ado, ba wanda zai ce wa direba ya buɗe gaba mu ga tiyon mai.

A ƙasar Kolombiya kuwa, inda kamfanin SCADTA yake sa wa waɗannan jirage ƙafafun sauka a ruwa suna bin kogin Magdalena, ɗaya ya faɗo cikin birnin Barranquilla ran 8 ga Yuni, 1924, ana cikin watsa takardu daga sama. Mutum shida suka mutu, har da shugaban kamfanin, Ernesto Cortissoz, wanda aka sa wa filin jirgin saman birnin sunansa.

Haɗarin da ya fi tayar da ƙura shi ne na ran 21 ga Yuli, 1930. Jirgin ya taso daga Le Touquet a Faransa zai sauka a Croydon kusa da Landan, ɗauke da manyan masu sarauta da dukiya na Ingila. Da ya zo kan ƙauyen Meopham, mutanen ƙasa suka ji ƙara daga cikin gajimare, sai ga jirgi yana zubowa gunduwa-gunduwa, fiffike daban, wutsiya daban, inji daban. Duka mutum shida da ke ciki suka rasu. Matuƙin, Laftanar Kanar George Henderson, ba sabon shiga ba ne.

Nan aka shiga ja-in-ja. Masanan Ingila suka sassaƙa ɗan samfurin jirgin, suka sa shi a ɗakin gwaji suna hura masa iska. Abin da suka gano shi ne, idan iska mai ƙarfi ta bugo jirgin daga ƙasa, iskar da ke bin bayan fiffike takan hargitse ta zama 'yan guguwoyi, su riƙa kaɗa wutsiya sama da ƙasa har ta karye. Jamusawa suka yi nasu binciken suka ce a'a, fiffiken ne ya fara ɓallewa, don an ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa a cikin gajimare, ko daga bugun iska ko daga fizgar da matuƙi ya yi. Kowa dai ya san mai kaya ba ya kushe kayansa. Duk da haka a ganinmu gardamar ta yi amfani, domin daga ita ne maƙeran jirgi suka ɗauki wannan kaɗawar wutsiya a matsayin cuta mai zaman kanta da dole a gwada kafin a saki sabon jirgi.

To sai mu lura. Wutar Amurka daga bututu ta fito, ta Ingila kuwa iska ce ta wargaza jirgi, kuma inji na biyu ba zai ɗaure wutsiyar da ta karye ba. Ba muna cewa injin ba ya mutuwa ba ne. Injunan wancan zamani suna mutuwa ƙwarai. Sai dai jirgi ba ya faɗowa kamar dutse don inji ya yi shiru. Shawagi yake yi kamar shirwa, yana sauka a hankali, matuƙi yana neman fili. Abin tsoron shi ne injin ya mutu da dare, ko cikin hazo, ko a kan teku da duwatsu, inda babu filin nema.

Jirgin kwano ya daɗe yana aiki, domin sai a 1951 na ƙarshensu ya bar jigila a ƙasar Birazil. Jikokinsa masu inji ɗaya, irin su Cessna Caravan da ya fara tashi a 1982, su ne aka riƙa kai magani da fasinja da su a ƙananan filaye na Afirka. Tarayyar Turai kuwa sai a 2017 ta yarda a dukkan ƙasashenta irin waɗannan jirage su ɗauki fasinjan kuɗi da dare ko cikin gajimare, shi ma da sharaɗi: injin ya zama na zamani wanda aka tabbatar da amincinsa, a kuma tsara hanya tun kafin tashi, a san filayen da za a nufa in ya yi shiru.