Kwana 30 ba ya gina ƙwanji, a daina cutar kai

Jama'a, yau sai na faɗa ko da za a ji haushi.

Abokin ɗakina a nan Idu kwanansa biyar ke nan a kwance, ga jarrabawa ta ƙarato. Dalili? Wani bidiyon YouTube ne ya yi masa alƙawarin murɗaɗɗen jiki cikin kwana 30. Gogan naka ya cika jarka biyu masu lita 25, ya sunkuya ya fizga, baya ya riƙe. Malam, litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce fa. Kilo 50 a ranar farko!

Mai bidiyon nan shekaru ya yi yana gina jikinsa, kai kuwa jiya ka fara, da garau-garau a cikinka. Shi kallonka ne kasuwarsa, ciwon bayanka bai dame shi ba.

Kafin ka ƙona datarka, duba: yana farawa da ɗumama jiki? Yana nuna yadda ake miƙar da baya wajen ɗaukar nauyi? Akwai matakin sabon shiga? Akwai ranar hutu? In babu, wuce kawai. Wanda kuma ya ce motsa ciki kaɗai ke narkar da teɓa, wallahi ƙarya yake, kitse ba a zaɓa masa wurin narkewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya aƙalla kwana biyu a mako ta ce a ƙarfafa tsoka, ba ta ce kullum sai an galabaita ba. Ka fara da nauyin jikinka, ka ci wake da ƙwai da awara, ka yi barci.

Karatu ya kawo mu Abuja. Sannu ba ta hana zuwa.