SHARHI: Korar malamai ko horar da su? Abin da bincike ya gano game da yaron da ba ya iya karatu

A shekarar 2017 gwamnatin Kaduna ƙarƙashin Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar da aka ce ta 'yan aji huɗu ce. Malamai 21,780 suka kasa samun kashi 75, aka sallame su. A 2022 hukumar SUBEB ta jihar ta sake korar wasu 2,357, mafi yawansu saboda ƙin zama sabuwar jarrabawa. Muhawarar da ta biyo baya ta tsaya kan adalci ko rashinsa, ba a cika tambayar ko yaron da ke zaune a ajin ya koyi karatu bayan korar ba.

Gaskiya ne akwai rauni a ilimin malamai. Binciken da masanan Bankin Duniya suka wallafa a 2017, wanda ya shafi ƙasashen Afirka bakwai har da Najeriya, ya gano cewa ɗalibin firamare yana samun koyarwar sa'a biyu da minti 46 ne kacal a rana, kimanin rabin abin da ke jadawali. Rahoton 2022 na Bankin Duniya da UNICEF da abokan aikinsu kuma ya ƙiyasta cewa kusan yara tara cikin goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi suna da shekara goma.

Sai dai wanda zai maye gurbin korarren malami daga kwalejin da ta yaye na farko zai fito. A 2025 makin shiga kwalejojin ilimi mafi ƙanƙanta da aka amince da shi a taron JAMB shi ne 100 cikin 400, na jami'a kuwa 150. Muddin koyarwa ta zama mafakar wanda ya rasa gurbi a wani wuri, kora za ta canja sunayen da ke takardar albashi, ajin kuma yana nan yadda yake.

To, me ke aiki? Kwamitin masana na GEEAP, wanda Bankin Duniya da UNICEF ke cikin masu ɗaukar nauyinsa, ya tantance ɗimbin bincike, kuma rahotonsa na 2023 ya sanya hanyoyin koyarwa biyu a sahun waɗanda kwalliya ke biyan kuɗin sabulu.

Ta farko ita ce tsararriyar koyarwa: a ba malami littafin jagora mai darasin kowace rana, a ba kowane yaro littafinsa, sannan a sami mai bibiya da zai riƙa shiga aji yana gyara wa malamin. Kenya ta bi wannan hanya a shirin Tusome da ta fara a 2015 a makarantun gwamnati na faɗin ƙasar, kuma karatun yara ya inganta. A Afirka ta Kudu an gwada abin a fili: an raba wa rukuni biyu na malamai darussa iri ɗaya, aka tara rukuni ɗaya a taron bita, ɗayan kuma aka riƙa kai masa mai bibiya har aji. Ci gaban karatun yaran rukuni na biyu ya kai kusan ninki biyu na na farko.

Ta biyu ita ce koyar da yaro daidai da matakinsa, wadda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ƙirƙiro, kuma Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka ci kyautar Nobel a 2019, suka yi shekaru suna gwada ta. Ana auna yara, a raba su bisa abin da suka iya ba bisa ajinsu ba. Wanda bai san baƙi da wasali ba, ko yana aji biyar, daga nan za a fara masa na ɗan lokaci kowace rana. An gwada ta a Borno, sannan a Kano ƙarƙashin shirin KaLMA a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil.

Nan ne gizo ke saƙa. Irin waɗannan shirye-shirye, har da RANA a Katsina da Zamfara da “Mu Karanta!” a Bauchi da Sakkwato, da kuɗin ƙasashen waje aka fara su. Girgizar da rufe hukumar USAID a 2025 ta haifar ta nuna hatsarin jingina karatun yara da aljihun baƙo. Abin da jihohi suka fi sabawa da shi kuwa shi ne bitar kwana uku a babban ɗakin taro, a raba jaka da alawus, kowa ya watse, wato ainihin salon da bincike ya nuna ya fi rauni. Gini da taro suna da kwangila da hoton ƙaddamarwa. Man babur ɗin mai bibiyar da zai je makarantar ƙauye ba shi da ko ɗaya.

Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi biyu na kuɗin shigar tarayya ga ilimin matakin farko, kuma wani ɓangare nasa na horar da malamai ne. Don haka matashin da ke bin diddigin kasafin jiharsa yana da tambayoyin da zai kai wa SUBEB da 'yan majalisarsa: nawa aka kashe a tarukan bita bara, nawa kuma aka kashe wajen bibiyar malamai a aji? Sau nawa mai bibiya ya shiga kowace makaranta a zangon da ya wuce? Yara nawa cikin ɗari na aji uku ke iya karanta sakin layi ɗaya da Hausa? Gwamnan da ke lissafa azuzuwan da ya gina ba tare da amsar wannan ta ƙarshe ba, bai gaya wa iyaye ko 'ya'yansu suna koyon wani abu a cikinsu ba.