Masu Taƙama Da Arch, Wa Zai Biya Kuɗin Data?

Wata sabuwar gardama ta shigo majalisun samarinmu masu harkar kwamfuta, daga Nima ta Akara har zangon Kumasi. Duk wanda ya ɗora Debian a kwamfutarsa sai a yi masa dariya, a ce tsoho ne mai gudun wahala. Gwani, a wajensu, shi ne mai Arch ko Gentoo, domin wai su ne Linux ɗin da ke lanƙwasuwa yadda mai su ya ga dama. Ni kuwa na ce wannan magana aro ce, daga mutanen da intanet ɗinsu ba ya ƙarewa, wutarsu ba ta ɗaukewa.

Ba na musun abin da ke gaskiya. Gentoo na ba ka damar harhaɗa kowane ƙunshin manhaja daga tushensa, ka zaɓi abin da zai shiga da wanda za a bari ta hanyar alamomin USE. Arch, wanda Judd Vinet ya fara a 2002, yana miƙa maka gida ba ko tabarma, ka shimfiɗa abin da kake so, ga kuma rumbun AUR cike da abin da jama'a suka zuba. To amma a tambayi mai tsohuwar kwamfutar da aka sayo ta hannu: sa'o'i nawa zai yi yana harhaɗa Firefox, kuma ina zai sa kansa in aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki? Su kansu mutanen Gentoo sun fara raba ƙunsoshi haɗaɗɗu a ƙarshen 2023.

Matsalar Arch ta fi wannan ciwo, ita ce kuma samarin ba sa faɗa. Sabuntawarsa ba ta tsayawa, kuma ƙa'idarsa ba ta yarda ka sabunta wani sashe ka bar wani ba. Ka yi wata uku ba ka taɓa shi ba saboda aljihu, ranar da ka buƙaci ƙaramar manhaja guda, sai ka tarar dole ka sauke sabon kusan duk abin da ke cikin kwamfutar. Wace irin lanƙwasuwa ce wannan, da ke tilasta maka sayen data a ranar da ba ka shirya ba? Tun 2017 ma Arch ya sallami tsofaffin kwamfutoci masu bit 32.

Debian, da Ian Murdock ya kafa a 1993, yana fitar da tabbataccen zubi kusan duk shekara biyu, tsakani kuma galibi gyaran tsaro ne. Mutum ɗaya zai iya sauke shi a filasha, ya ɗora wa makarantar unguwa gaba ɗaya ba tare da intanet ba. Wanda ke son sauya ƙunshi kuma ba a ɗaure masa hannu ba: apt zai kawo masa tushen, ya gyara, ya sake ginawa. Ubuntu ɗansa ne, ko da yake tun da ya mayar da Firefox cikin snap a 2022 na rage yabonsa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wannan. Cikin masu cika bakin nan, nawa ne suka taɓa saita allon madannansu ya rubuta ɓ da ɗ da ƙ? Tsarin madannan Hausa na Ghana da na Nijeriya suna nan cikin Arch da Debian da Gentoo duka, kyauta, suna jiran a danna. Amma sai ka ga wanda ya kwana uku yana sauya launin tagogi ya rubuto maka “kasa”, kai ne za ka yi ta canki ko ƙasa yake nufi ko gazawa. Mu da 'ya'yanmu ke karatu da Turanci, suna ciniki da Twi, Hausa kuma sai a tsakar gida, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Duk wanda ya iya rubuta PKGBUILD ya iya buɗe fayil ɗin fassara na GNOME ko LibreOffice ya mayar da layi hamsin zuwa Hausa. Ya yi hakan tukuna, ya turo mana mu gani a nan ƙasa, sannan mu zauna mu saurari dalilinsa na raina Debian.